Wane ne ya gano amfanin sinadarin zink a jikin mutum?

Tambayar ta fito daga wata mai sauraronmu a Zauro, jihar Kebbi. Ta ce a asibiti an ba ɗanta mai gudawa ƙwayar zink tare da ruwan gishiri da sukari, tana so ta san wanda ya gano amfaninta.

To, Malama, sunansa Farfesa Ananda Prasad, likita ɗan asalin Indiya da aka haifa a 1928. A birnin Shiraz na ƙasar Iran ya haɗu da wani saurayi ɗan shekara 21 mai jiki kamar na ƙaramin yaro, bai balaga ba, jininsa ya yi ƙasa. Kusan burodi kaɗai ne abincinsa, kuma yana cin ƙasa. A 1961 Prasad ya rubuta cewa yana zargin ƙarancin zink ne, ya kuma tabbatar da hakan a Masar a 1963. Samari masu irin wannan matsala da aka ba sinadarin suka ƙara tsawo, suka balaga. Masana da dama sun yi jayayya da shi, amma bai saki wannan bincike ba a Jami'ar Wayne State ta Amurka har rasuwarsa a 2022.

A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa ba yaro mai gudawa zink na kwana 10 zuwa 14. Don Allah ki ƙarasa kwanakin ko da gudawar ta tsaya.

Game da abincin ɗanki kuwa, shinkafar fadamarku, in an gurje ta fes, tana rasa wani kaso na zink ɗinta. Ki riƙa haɗa masa da nama, wake ko kifin Argungu.