Ruwan Robar da Haske Ke Daskararwa



A hutun da ya wuce ƙanwata ta faɗi da keke, haƙorinta na gaba ya ɓalgace. Kwana uku ta ƙi yin dariya a gaban mutane. Baba ya ɗauke mu daga Boɗinga zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitan haƙori ya shafa wani farin abu mai laushi kamar ƙullu, ya daidaita shi, sannan ya haska masa shuɗiyar fitila na 'yan daƙiƙoƙi. Nan take ya yi tauri. Ba wuta, ba jiran bushewa.

Da aka koma makaranta na tambayi malaminmu na fasaha. Ya ce wani irin ruwan roba ne, cike da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana yawo ita kaɗai. A ciki kuma akwai sinadarin da ke jiran haske. Da zarar haske ya taɓa shi, sai ƙwayoyin su kama juna su sarƙe. Inda haske bai kai ba, yana nan ruwa.

Ashe akwai injin da ke gina abu sukutum da wannan dabara. Wani ɗan Japan, Hideo Kodama, ya bayyana hanyar a 1981, sannan Chuck Hull na Amurka ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a 1984. Ana zana abin a kwamfuta, ta yanka zanen falle-falle. Injin ya haska siffar falle ɗaya a kwanon ruwan robar ta daskare, ya matsa kaɗan, ya haska na gaba.

Ni dai sai da na tuna yadda kawuna ke ginin rumbu a Shagari na gane. Yakan ɗora zagaye ɗaya na laka, ya bari ya sha iska, ya ɗora wani. Sai dai laka bushewa take yi saboda ruwa ya fita, robar nan kuwa ba abin da ke fita. Fallen ma siriri ne kamar gashi: idan kaurinsa milimita 0.05 ne, abu mai tsawon santimita ɗaya sai an yi falle 200.

Da irin wannan inji ake yin samfurin haƙora da ƙoƙon na'urar ƙara ji. Ɗanyen ruwan yana sa fata ƙaiƙayi da kumburi, don haka da safar hannu ake taɓa shi. Kuma a kwalba mai duhu ake ajiye shi, domin ranarmu ta Sakkwato kaɗai ta isa ta daskarar da shi.

Ƙanwata kuwa har rake take sha yanzu, ko da yake likita ya ce ta riƙa amfani da haƙoran gefe.