Ciwon Tayirod da Cin Alkama: Me Ya Haɗa Su?

Darasinmu na wannan mako a kan lafiya ne. Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin iyayenmu da yayyenmu, wai mai ciwon tayirod in ya daina cin burodi da taliya zai warke, ba sai ya sha magani ba. Maganar tana da haɗari, domin wani zai iya jin ta ya ajiye maganinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba ta daki-daki.

Mene ne tayirod?

Tayirod wani ɗan nama ne da ke gaban wuyan kowannenmu, ya rungumi maƙogwaro. Siffarsa kamar ta malam-buɗe-littafi ce, nauyinsa kuwa a jikin babban mutum kimanin giram 20 ne. Aikinsa shi ne samar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, girma, har da kaifin tunani. Kamar makaɗin gayya yake. In ya sassauta kiɗa aiki ya yi sanyi, in ya tsananta kowa ya galabaita.

Kafin ya yi wannan aiki yana bukatar sinadarin ayodin. In ayodin ya yi ƙaranci a abinci, sai naman ya kumbura, shi ne muke kira maƙoƙo. Saboda haka ne Najeriya ta wajabta sa ayodin a gishiri tun 1993. Amma akwai ciwon tayirod da ba ƙarancin ayodin ke kawo shi ba, kuma shi ne batunmu na yau.

Idan garkuwar jiki ta juya wa jiki baya

Mun koya a darasin kimiyya cewa garkuwar jiki ce ke yaƙar ƙwayoyin cuta. To, wani lokaci takan yi kuskure ta ɗauki tayirod a matsayin baƙo, sai ta far masa. Wannan kan haifar da cuta iri biyu.

Ta farko ita ce cutar Hashimoto. Sunan wani likita ne ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, wanda ya bayyana ta a 1912. A nan garkuwar jiki tana lalata tayirod sannu a hankali har ya kasa samar da isasshen sinadari. Mai ita yakan ji kasala da yawan barci, sanyi ya dame shi ko da mutane na jin zafi, jikinsa ya ƙara nauyi, fata ta bushe, gashi ya riƙa zuba, bayan gida ya yi tauri, ga mantuwa.

Ta biyu ita ce cutar Graves, daga sunan Robert Graves, likita ɗan ƙasar Ayilan da ya yi bayaninta a 1835. Ita kuma ingiza tayirod take yi ya yi aiki fiye da kima. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu na rawa, gumi ba iyaka, mutum na ci amma yana ramewa. Wasu har idanunsu kan firfito.

Cututtukan biyu sun fi kama mata, sukan bi dangi, kuma yara masu shekarunmu ma suna iya kamuwa. Ɗaliba za ta iya riƙa gyangyaɗi a aji, makinta na raguwa, a ce mata raguwa ce, alhali ciwo ne. Ba a ɗaukar su ta hanyar zama tare ko cin abinci a kwano ɗaya.

Mene ne gulutin?

Gulutin wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi mai suna rai. Shi ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Kowa zai iya ganinsa a gida: a kwaɓa fulawa da tauri, a bar ta ta ɗan huta, sannan a riƙa murza ta cikin ruwa har farin ya fita. Abin da ya rage a hannu yana talewa kamar cingam, shi ne gulutin. Yana cikin burodi, gurasa, taliya, alkaki, funkasau, fanke, cincin da biskit.

Yawancinmu muna cin sa lafiya lau. Amma kimanin mutum 1 cikin 100 a duniya yana da wata cuta mai suna siliyak. In mai ita ya ci gulutin, garkuwar jikinsa sai ta lalata bangon ƙaramin hanjinsa, abinci ya kasa shiga jiki yadda ya kamata. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini da rashin girma. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya gano cewa alkama ce ke tayar da ita. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu burodi ya yi wuya a ƙasarsu, sai yaran da ke da cutar suka sami sauƙi. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo.

To, ina suka haɗu?

Siliyak da Hashimoto da Graves duk 'yan gida ɗaya ne, domin dukansu daga kuskuren garkuwar jiki suke. Wanda ke da ɗaya ya fi sauran mutane yiwuwar samun ɗayar. Daga nan maganar da ke yawo ta samo tushe. Sai dai mafi yawan masu ciwon tayirod ba su da siliyak.

Wanda aka tabbatar yana da su duka biyun, dole ne ya bar alkama har iya rayuwarsa. Zai amfana ta hanya biyu: hanjinsa zai warke, kuma maganin tayirod zai fi shiga jikinsa, har likita ya iya rage masa yawansa. Wanda kuwa ba shi da siliyak, likitoci ba su da tabbatacciyar hujja cewa barin alkama zai warkar masa da tayirod. Naman da ya riga ya lalace ba zai koma sabo don an daina cin burodi ba.

Akwai kuma abin lura. Gwajin jinin siliyak yana bukatar mutum ya kasance yana cin alkama a lokacin. Wanda ya riga ya daina, sakamakonsa zai iya nuna ba komai alhali da cutar. Don haka gwaji ne farko, canza abinci daga baya.

Yadda ake kula da ciwon

Ana gane ciwon tayirod da gwajin jini, musamman wanda ake kira TSH. Mai Hashimoto da sinadarinsa ya yi ƙasa ana ba shi ƙwayar lebotayiroksin, wadda ke maye gurbin abin da jiki ya rasa. Ana shan ta kullum da safe da ruwa zalla, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. A sa tazarar awa 4 tsakaninta da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam, domin suna hana ta shiga jiki. In an canza yawanta, akan sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Yawanci ana shan ta ne har ƙarshen rayuwa, kuma jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. In azumi ya zo, a tambayi likita lokacin da ya dace a sha. Mai juna biyu kuwa ta gaggauta sanar da likita, domin ƙwaƙwalwar jaririn na bukatar wannan sinadari.

Mai Graves ana ba shi magani irin su kabimazol don rage aikin tayirod, wani lokaci kuma a yi masa tiyata. Kada kowa ya sayi ƙarin ayodin ya sha da kansa, domin yawansa na iya dagula ciwon.

Wanda aka ce ya bar alkama ba zai zauna da yunwa ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, doya, dankali da wake duk ba su da gulutin. Tuwon dawa, fura, kunu, ƙosai da alale duk nasa ne. Sai dai ya tambayi mai ɗanwake da mai waina, domin wasu kan haɗa da fulawa.

'Yan uwa, in muka ga ɗaya daga cikin alamomin nan ya daɗe a jikinmu ko a jikin wani a gida, mu gaya wa manya a je asibiti. In kuma saƙon nan ya shigo wayar gidanmu, mu bayyana abin da muka koya cikin ladabi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Tambayoyin mako

1. Wane bambanci ke tsakanin cutar Hashimoto da cutar Graves?
2. Me ya sa bai kamata a daina cin alkama kafin gwajin siliyak ba?
3. Kawo abinci uku na gida da ba su da gulutin.