Jinya a Gida: Nas Kuke Buƙata Ko Mai Kula?

Duk ranar da aka sallami mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, tambayar da 'yan uwansa suka fi yi mini ita ce: "Sista, wa za mu ɗauko ya kula mana da Baba a gida?" Abin da nake ce musu shi ne su fara zama su lissafa abin da jikin Baba yake buƙata daga asuba zuwa dare. Lissafin ne zai nuna musu wanda za su nema.

Ayyukan kashi biyu ne. Na farko shi ne duk abin da zai huda fata ko ya shiga cikin jiki: allura, ƙarin ruwa, canza robar fitsari, zura robar abinci ta hanci, wankin gyambo mai zurfi. Wannan aikin nas ne mai lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma bisa umarnin likita. Ku ce ya nuna muku lasisinsa, ba raini ba ne. Na sha karɓar tsofaffi jikinsu rau da zazzaɓi, saboda wani da aka ce "ya iya allura" a unguwa ya canza musu robar fitsari ba tare da tsaftar da ta kamata ba. Robar hanci kuwa, idan ta kauce ta bi hanyar numfashi, kunun da aka ɗura huhu zai nufa.

Kashi na biyu shi ne wanka, canza shimfiɗa, kai banɗaki, ciyarwa, taimaka masa ya yi alwala ko taimama, da ɗebe masa kewa. Wannan ba sai mai takardar shaida ba, amma sai mai haƙuri wanda aka koya wa. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi duk bayan awa 2, har cikin dare. A riƙa duba gadon ƙugunsa, kwatangwalonsa da dunduniyarsa. Idan aka ga wuri ya sauya launi, ya yi ɗumi ko tauri, kuma ɗaga nauyi daga kansa bai sa ya koma daidai ba, gyambon kwanciya ne ke sallama. Wajen abinci a zaunar da shi tsaye-tsaye, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, ya ci gaba da zama na minti 30 bayan ya gama. In yana tari ko ƙwarewa da kowace loma, a dakata, a kira nas.

Inda iyalai suke tuntuɓe wuri biyu ne. Wasu su ɗauki nas dare da rana har aljihu ya ƙare, alhali majinyacin wanka da juyi yake buƙata. Wasu kuma su bar wa matar gida ita kaɗai komai, har ita ma ta kwanta. Yawancin gidaje haɗawa ta fi musu: mai kula da ke kwana da shi, nas da ke zuwa a ranakun da aka tsayar, da likitan fisiyo don motsa gaɓoɓi kada su sandare. A ajiye littafi ɗaya ana rubuta magani, awon hawan jini da na suga, domin duk wanda ya karɓi aiki ya san inda aka kwana.

Akwai abin da ba na gida ba ne ko da nas na nan: sabuwar karkacewar baki, sarƙewar magana, numfashi sama-sama, jijjiga, ko fita hayyaci. A tafi asibiti nan take.

Roƙona gare ku shi ne, kafin ku karɓi takardar sallama, ku sa nas ɗin ɗakin ta koya wa mutum biyu daga cikinku juyi, ciyarwa da wanka, ku gwada a gabanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri.