Jan Aksil Baya da Sauya Sifirin: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Masu hawan duwatsu da mota a Amurka sun daɗe da wannan dabara. Jeep Wrangler YJ, wadda aka ƙera daga 1987 zuwa 1995, gajeriya ce. Inci 93.4 ne kacal tsakanin tayar gaba da ta baya, shi ya sa takan ɗaga kai ta nemi kifewa a hawa mai tsauri. Maganin da suka samo shi ne su cire sifirin ɗinta na baya su ɗaura na Jeep Cherokee XJ a juye. Inda santabol ya zauna, nan aksil ke zama, kuma a sifirin XJ santabol ba a tsakiya yake ba: kusan inci 23 ne daga idon gaba, sama da inci 28 daga na baya. Da zarar dogon ɓangaren ya koma gaba, aksil ya ja baya.

Sai dai aksil ba ya ƙaura shi kaɗai. Farfela da birki da shokazoba duk a jikinsa suke. Wanda ya manta da ɗaya daga cikinsu, a daji zai tuna.

Abin da za a yi

1. Ka auna kafin ka kwance ko noti ɗaya. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, ka rubuta nisan tayar gaba da ta baya a dama da hagu. Sabon sifirin ma ka auna shi daga kowane ido zuwa santabol, ka auna faɗinsa da girman idanunsa. Na YJ da na XJ duk inci 2.5 ne faɗinsu, amma na XJ ya fi tsawo, dole marataya mai lilo ta koma baya.

2. Ka tokare shasi da ƙarafan tokara, ka sa wa tayoyin gaba waigi. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota a kansa.

3. Ka duba inda kan santabol ke kallo. A XJ sifirin a saman aksil yake, a YJ kuwa a ƙasansa. Kan santabol shi ke shiga ramin kujerar aksil, don haka sai an juya shi. Ka matse fallayen da mamatsi biyu kafin ka zare shi, in ba haka ba su tarwatse maka a fuska.

4. Ka ɗan ɗiga walda a sabbin maratayai tukuna. Ka auna a gicciye, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ƙarshen aksil na hagu, ka sake daga hagu zuwa dama. Sai awon biyu ya zo ɗaya za ka zuba walda ta ƙarshe. Aksil ɗin da ya karkace, mota za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cinye taya.

5. Ka ƙara wa farfela tsawo a wurin masu juya ƙarfe, a kuma daidaita nauyinta. Sannan ka gyara kallon hancin aksil. In farfelar mai gaɓa ɗaya ce a kowane ƙarshe, hancin ya kwanta a kusurwa ɗaya da mafitar giya. In mai tagwayen gaɓa ce ta wajen giya, hancin ya kalli farfelar, ya ɗan sunkuya da digiri 1 ko 2.

6. Ka saki aksil ya rataya iya ƙarshensa, ka duba tiyon birki da wayar hambirki da tiyon shaƙar iskar aksil. Duk wanda ya miƙe tsam, a sauya shi da mai tsawo. Yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser da ke cin rairayin Agadez suna da sanda daga aksil zuwa bawul ɗin da ke raba ƙarfin birki gwargwadon lodi. Ita ma sai an sake saita ta.

7. Ka matsar da robar da aksil ke dukawa idan sifirin ya lanƙwashe, ta dawo daidai saman aksil ɗin. Ka hau tudu da taya ɗaya ka ga ko taya na gogar madigadi, ko aksil na neman tankin mai.

Wanda ba za a yi ba

1. Kada ka huda sabon rami a babban falle don ka guje wa sayen sifirin. Rami ɗaya ne kaɗai zai zauna tsakanin yubol inda falle ba ya lanƙwasa. Ɗayan kuwa nan zai tsage. In inci ɗaya kawai kake nema, akwai farantin kujera mai ramuka da aka yi don haka.

2. Kada walda ko wutar gas ta taɓa sifirin. Zafi na kashe ƙarfen, yau ya yi laushi, gobe ya karye.

3. Kada ka yi walda a shasi tankin mai na wurin. Ka sauke shi, ka cire kan batir. Tururin fetur ba ya jiran a ce an yi kuskure.

4. Kada ka juya sifirin da falle na biyu ya naɗe idonsa na gaba. An yi naɗin ne don ya riƙe aksil in babban falle ya karye. In ya koma wajen lilo, kariyar ta tafi.

5. Kada ka ɗauka juyi kyauta ne. Gajeren ɓangare a gaba shi ke hana aksil murɗewa idan an taka totur. Dogo ya fi sauƙin lanƙwasa, taya ta yi ta tsalle a hawa har gaɓar farfela ta fashe. In ka ga alamar haka, ka ɗaura sandar hana murɗa.

6. Kada ka mayar da tsohon yubol. Ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko. Araha ba ta ado, sayi sabo.

7. Kada ka ɗaure notin idanun sifirin mota na rataye. Ka sauke ta a kan tayoyinta tukuna, in ba haka ba bushin zai murɗe ya yage.

8. Kada ka ɗauki fasinja ko lodi a fitar farko. Ka zagaya a hankali, ka gwada birki, ka saurari rawar farfela. Ka dawo ka sake ɗaure yubol, ka ƙara ɗaurewa bayan 'yan ɗaruruwan kilomita, domin sabbin fallaye na zama, ɗauri ya saki.

In ba ka da wanda ka yarda da waldarsa a kan shasi, ka bar aksil inda kamfani ya sa shi.