Kwandansa, salkar lantarki

Adarbisinat gari ne a kan hanyar Agadas zuwa Damagaram. A nan kowa ya san darajar salka. Makiyayi yana cika ta a bakin rijiya, ya rataya, ya sha in ƙishirwa ta zo.

A cikin rediyo ma akwai wata irin salka, amma lantarki take ajiyewa. Masu gyara suna ce mata kwandansa. Ba ɗaya take da pil ba. Pil yana ba da wuta a hankali, kwana da kwanaki. Ita kuwa nan take ta cika, nan take ta zubar.

Ƙirarta ba wuya. Fallen ƙarfe biyu ne suna fuskantar juna, ba su taɓa juna ba. A tsakaninsu akwai abin da lantarki ba ya ratsawa, kamar takarda, gilashi ko iska. A 1746 wani masani mai suna Musschenbroek, a garin Leiden na ƙasar Holan, ya tara lantarki cikin kwalbar ruwa. Da ya taɓa wayarta sai ta fizge shi, duk jikinsa ya girgiza.

A rediyo irin na da, in an murɗa maɓalli ana neman Muryar Sahel, fallayen wata kwandansa ne ke shiga tsakanin juna. Da haka rediyon ke zaɓen tasha. A akwatin lasifika kuma, kwandansa tana barin siririn sauti ya wuce zuwa ƙaramar lasifika. Tana tare mai kauri don kada ya lalata ta.

Mu gwada

1. A yanka fallen alminiyam biyu, tsawo santimita 30, faɗi santimita 5.
2. A yanka busasshiyar takarda biyu. Su fi alminiyam ɗin tsawo da faɗi.
3. A jera su haka: takarda, alminiyam, takarda, alminiyam.
4. A liƙa waya ɗaya a jikin kowane fallen alminiyam. Kada wayoyin su haɗu.
5. A naɗe su tam a jikin fensir, a ɗaure da zare.

Sai a kai wa mai gyaran rediyo ya auna da na'urarsa. In aka matse naɗin, awon zai hau, don fallayen sun ƙara kusantar juna. In takardar ta huje ko ta jiƙe, lantarki zai zurare kamar ruwa a hudajjiyar salka. Shi ya sa maƙeran da suke tsoma ta cikin kaki.

Hattara

Kwandansar ƴan makaranta ƙarama ce, da pil kaɗai ake gwada ta. Ba a sa ta a wutar gida. Manyan da ke cikin talabijin da na'urar wutar sola suna riƙe wuta ko bayan an kashe su. Suna iya kashe mutum. Yaro ba ya buɗe irin waɗannan kaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa aka kwatanta kwandansa da salka?
2. Mene ne bambancinta da pil?
3. Me zai faru in takardar ta jiƙe?
4. Don me ba a taɓa cikin talabijin ko an kashe ta?