Idan Aka Kwashe Kayanka

Karatu: Ibraniyawa 10:32-39

Masu bin da aka rubuta wa wannan wasiƙa sun sha zagi a bainar jama'a, an kulle waɗansunsu a kurkuku, an kuma washe dukiyarsu. Aya 34 ta ce da murna suka karɓi wannan asara, domin sun san suna da mallaka mai ɗorewa wadda hannun mutum ba ya kaiwa gare ta.

Kada ka ɗauka murnar nan rashin jin zafi ce. Duk wanda ya tsaya a kan tokar shagonsa, ko ya gudu daga Mubi a 2014 da rigar jikinsa kaɗai, ya san ciwon. Ni ban yarda da mai wa'azin da ke hana mutum kuka ba. Ayuba ma ya yage rigarsa kafin ya yi sujada. Yi kukanka, amma a gaban Ubangiji.

Ka dubi Akila da matarsa Bilkisu a Ayyukan Manzanni 18. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, wajen shekara ta 49. Suka sauka a Korinti a matsayin baƙi, suka koma ɗinkin tanti. A wurin wannan sana'a Bulus ya same su, ya zauna da su. Daga baya ikkilisiya ta riƙa taruwa a gidansu. An raba su da gida ɗaya, Allah ya mai da na gaba wurin sujada.

Yau wataƙila ba wuta ba ce. An hana ka haya saboda sunanka, ko maƙwabcin da kuke gaisawa ya daina amsa sallamarka. A nan Shaiɗan yakan shuka ɗacin rai, har ka soma ƙin dukan mutanen unguwa, ka manta da wanda ya ɓoye 'ya'yanka ranar tashin hankali. Kai ƙara ga hukuma ba zunubi ba ne, Bulus ma ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma. Ramuwa ce aka hana mu.

Waɗancan masu bi sun tsaya da 'yan'uwansu na kurkuku, alhali yin haka na iya jawo musu tsanani. Wa ya yi asara a ikkilisiyarku? Kai masa mudun hatsi a makon nan.

Addu'a: Ya Uba, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka tsare zuciyata daga ramuwa, ka maido da abin da aka ƙwace, cikin sunan Yesu. Amin.