Hukuncin Kuregen Da Aka Samu Tsutsa A Jikinsa

 Darasinmu na wannan mako amsa ce ga wata tambaya da wani ɗalibina ya kawo mini nan Kongo. Ya ce sun fita farauta da abokansa a bakin kogin Galma, suka kama kurege biyu, suka yanka. Da suka zo fiɗa sai suka tarar da wasu ƙuraje kamar maruru a jikin ɗaya, ko wanne da 'yar ƙofa a tsakiya, da suka matsa sai ga farar tsutsa ta ɓullo. Nan take suka jefar da shi, wai ya zama mushe. To, ya yi tambaya, ko daidai suka yi?

Kafin hukunci sai an san abin da za a hukunta. Wannan tsutsa ɗiyar wani ƙuda ce mai launin ƙasa-ƙasa, wanda likitoci ke kira tumbu. Wani masani Bafaranshe mai suna Blanchard ya bayyana shi a 1872, daga yankin Kayor na ƙasar Sanagal. Macen ba ta yin ƙwai a jikin dabba. A cikin yashi mai inuwa take zuba su, inda fitsari ko kashi ya taɓa, ko kuwa a kan tufa mai danshi da aka shanya a ƙasa. Cikin kwana 1 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. Sa'an nan 'yar tsutsar ta yi kwanto har wani mai ɗumin jiki ya kwanta a wurin, ta huda fata ta shige. Tana zaune tsakanin fata da tsoka kwana 8 zuwa 12, tana shaƙar iska ta wannan ƙofa, har tsawonta ya kai wajen rabin inci, kana ta faɗo ƙasa ta rikiɗa ta zama ƙuda. Karnuka da dangin ɓera ta fi kamawa, ta fi yawa da damina, kurege kuwa mazaunin rami ne, ƙurar yashi ita ce shimfiɗarsa. Duk wayon da ake ba shi a tatsuniya bai fisshe shi ba.

Watau dai dabbar tana da ranta tsutsar ta shige ta. Wannan shi ne asalin mas'alar, domin ta sha bamban da tsutsar da ke fita a naman da ya kwana ya ruɓe yana ɗoyi.

A mazhabarmu ta Imamu Malik kurege halal ne, yana cikin ƙananan namun daji irin su zomo da bushiya. Mushe kuwa shi ne abin da ya mutu ba tare da yankan Shari'a ba. Ciwon fata ba ya mai da dabba mushe. Ita tsutsar kanta tana cikin halittun da ba su da jini mai gudana, malamanmu kuwa sun tafi a kan irin waɗannan masu tsarki ne ko sun mutu, har sun yi rangwame a kan tsutsar da aka halitta cikin 'ya'yan itace, a ci ta tare da su. Amma fa ta jikin kurege daga waje ta zo, kuma a fili take, don haka a cire ta a yar. Mugunyar da ke cikin ƙurjin ita ce najasa. Sai a sa wuƙa a kewaye wurin a yanke, a wanke sauran, a dafa ya dahu sosai. Galibi ma idan aka feɗe, ƙurjin yakan tafi da fatar.

Maharban Amurka suna fama da irin wannan. Can wani ƙudan ne dabam yake sa wa kuregen bishiya tsutsa a ƙarshen lokacin zafi, da yawansu suna jefar da abin da suka harbo saboda ƙyama, alhali hukumomin kula da namun dajinsu sun daɗe suna sanar da su naman ba ya cutarwa. Ashe ƙyama ba ta san iyakar ƙasa ba.

Wanda ransa bai kwanta ba, ba a tilasta masa ci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi cin damo na Larabawa da aka kawo gabansa, amma bai haramta shi ba, aka ci yana gani. Saboda haka mai ƙyama ya bai wa wanda zai ci. Ya kashe rai sa'an nan ya wurgar, wannan almubazzaranci ne, balle ya ƙara da cewa haram ne ba da sani ba. In kuwa an ga dabbar ta rame ƙwarai, ƙuraje sun cika ta, tsoka ta sake launi ko tana wari, to a bar ta, domin duk abin da ake tsoron cutarsa an hana cinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, samarinmu suna tambaya a kan tsutsa, ba sa tambaya a kan yadda dabbar ta mutu, alhali nan ne haram yake shiga. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, tare da ambaton sunan Allah, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan birnin Zazzau, ta yi bayanin sharuɗɗan. A yi niyya da bisimilla lokacin sakin kare ko kibiya. Makami ya zama mai kaifi wanda ke fid da jini, malaman baya kuma sun haɗa da harsashin bindiga. Abin da gora ta kashe, ko dutsen danƙo, ko tarko, ko wutar da ake cinna wa daji, ko hayaƙin da ake turawa rami, duk mushe ne, sai fa in an riske shi da cikakken rai an yanka. Kuregen da aka haƙo aka kama da hannu kuwa ya fita daga hukuncin farauta, ba abin da zai halatta shi sai wuƙa a wuya. Na sha ganin yara sun dawo da yamma riƙe da gafiya wadda aka fasa wa kai da sanda, lafiyayya sumul, ba ƙurji ko ɗaya, a gida kuma ba mai tambaya.

Saura karen farauta, wanda shi ya fi kowa ɗaukar wannan tsutsa, kuma ƙudan da ke neman makwancinsa yana neman shimfiɗar yara. A riƙa share inda yake kwana. Tufafi a shanya a kan igiya cikin rana, a yi musu guga ciki da waje, musamman na jarirai. In an ga ƙurji mai ƙofa a jikin yaro, a toshe ƙofar da man basilin, tsutsar za ta taso neman iska a zare ta a hankali. Kada a fashe ta a ciki, in ta ƙi fita a kai shi asibiti. Allah ne Mafi sani.